Yaro Ya Ce Wasan Kwaikwayo Zai Karanta: Ina Dabara Ga Uban Da Ke Kurmi?

Daga Wakilinmu na Arewa, Potiskum

A farkon kowace shekara, da zarar Hukumar JAMB ta fara sayar da fom na jarrabawar shiga jami'a, sai waya ta shiga kai da kawowa tsakanin unguwar Dogo Tebo ta garin Potiskum da Agege, da Mile 12, da Idi-Araba, da Sabon Badun, da Anacha, da Fatakwal. Dalili kuwa shi ne, magidanta da yawa na wannan unguwa da maƙwabtanta, irin su Dogo Nini da Hausawa da Yerimaram, can Kurmi suke neman abincinsu. Wasu sun bi shanun da a kan loda a kara ran Laraba, wasu suna fataucin wake da hatsi, wasu kuma tuƙin manyan motoci ne ya kai su. Uwa tana gida da yara, uba yana can, amma shi ne mai aiko da kuɗin fom, kuma shi ne mai yanke magana.

Idan yaro ya ce likita ko lauya ko injiniya yake so ya zama, ba a jan magana, sai sa albarka. To, amma a 'yan shekarun nan an fara samun waɗanda idan aka tambaye su sai su sunkuyar da kai su ce, "Baba, wasan kwaikwayo nake so in karanta." Nan ne fa waya kan yi tsit. Wani uban ya kashe wayar, wani ya ce a ba shi uwar yaron ya ji ko wane ne ya hure masa kunne. Saboda irin waɗannan iyaye muka ga ya kyautu mu yi bayanin yadda al'amarin yake, domin kada mutum ya yanke hukunci cikin duhu.

ABIN DA IYAYE KE TSORO

Ba za a ce iyaye ba su da hujja ba. Tun fil azal Bahaushe bai ɗauki mai wasa a bakin kome ba, ya kan sa shi layi ɗaya da maroƙi da ɗan kama. Sa'an nan ga labarun da kan fito daga masana'antar fim ta Kano jifa-jifa, waɗanda ba su yi wa kowa daɗi ba. Kowa kuma ya tuna yadda a 2016 Gwamnatin Tarayya ta yi niyyar gina ƙauyen shirya fim a Kofa ta Jihar Kano, malamai suka tashi tsaye a kan mumbari, har aka janye maganar. Uban da ya ji duk wannan, ya kuma dubi nisan da ke tsakaninsa da gida, dole gabansa ya faɗi, balle ma idan 'ya mace ce.

Amma kuma akwai abin da ya kamata a rarrabe. Hanya biyu ce yaro kan bi idan wannan sha'awa ta kama shi. Ta farko ita ce ta makaranta, inda akwai rajista, da malamai, da ɗakin kwana, da takardar shaida a ƙarshe. Ta biyu ita ce ya tara 'yan kuɗinsa a ɓoye, ya shiga mota a tasha ya bi ta Azare ya sauka Kano, ya yi ta zarya a ofisoshin masu fim na Titin Gidan Zu, ba wanda ya san inda yake kwana. Uban da ya ce a'a ya kashe waya, sau da yawa hanyar farko kaɗai ya toshe, ta biyu kuwa tana nan a buɗe.

BA BAƘON ILMI BA NE A AREWA

Masu cewa wannan karatu na mutanen Kudu ne ba su bi tarihi ba. Gaskiya ne Jami'ar Badun ce ta fara buɗe makarantar wasan kwaikwayo a ƙasar nan jim kaɗan bayan samun mulkin kai. Amma tun kafin nan ana rubuta wasanni da Hausa ana kuma yin su a makarantu. Abubakar Tunau ya rubuta Wasan Marafa domin koya wa jama'a tsabta. Malam Aminu Kano, tun yana malamin makaranta, da wasan kwaikwayo ya riƙa yi wa masu mulki hannunka mai sanda. Shu'aibu Maƙarfi ya rubuta Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, Umaru Ɗanjuma Katsina kuma ya rubuta Kulɓa Na Ɓarna, wanda da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi sun yi jarrabawa a kansa. A 1976 Adamu Halilu ya mai da littafin Shehu Umar na marigayi Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zama fim.

A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya an fara koyar da fannin a 1975, ƙarƙashin wani Bature mai suna Michael Etherton wanda ya zo daga Zambiya. Har dandalin wasa aka gina musu da jar ƙasa irin ginin gargajiya a Samaru. Abin da ya fito da sunan wannan sashe a duniya kuwa shi ne fita da ɗalibai ƙauyuka, irin su Soba da Maska da Bomo, su zauna da manoma su ji matsalolinsu, kamar ta taki da ta gona da ta rashin lafiya, sa'an nan su shirya wasa a kai tare da mutanen garin, a yi shi a dandali, a zauna a tattauna. Irin wannan aiki ne hukumomin lafiya da ƙungiyoyin agaji ke ɗaukar mutane su yi musu, wajen wayar da kai a kan allurar rigakafi ko zaman lafiya. Jiha irin Yobe, wadda ta sha wahalar tashin hankali, ba ta rasa bukatar masu wannan ilmi da suka iya Hausa da Bolanci da Ngizimanci da Karekare ba.

Waɗanda kuma suka yi kallon telebijin a shekarun baya sun san marigayi Usman Baba Pategi, watau Samanja Mazan Fama, tsohon soja wanda ya rasu a 2023, da marigayi Ƙasimu Yero wanda ya rasu a 2017. Ba wanda ya taɓa jin kunyar zama da iyalinsa ya kalle su. Ali Nuhu, wanda aka haifa a Maiduguri, sai da ya yi digiri a Jami'ar Jos, ko da yake labarin ƙasa ya karanta, kuma a 2024 aka naɗa shi shugaban Hukumar Fina-finai ta Nijeriya. Da ba shi da takarda, da wuya a ce kujerar ta zo gare shi.

INDA AKE YANKE MAGANAR TUN DA WURI

Abin da iyaye da yawa ba su sani ba shi ne, maganar ba ranar sayen fom take farawa ba. Tun yaro yana shiga aji huɗu na sakandare ake raba su, wasu ajin kimiyya, wasu ajin adabi. Jami'o'i suna neman kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, kuma ga mai son wannan fanni lalle ne a ciki a sami Turanci da Adabin Turanci. A nan Arewa kuwa kowa ɗansa yake turawa ajin kimiyya, ga shi kuma ba kowace makaranta ke da malamin Adabin Turanci ba. Saboda haka yaro ya kan gama sakandare sarai, sai a wajen cika fom a tarar ba shi da darasin da ake nema. Uban da ke Ikko, idan ya zo gida hutun Salla, ya kamata ya taka da ƙafarsa ya je makarantar ɗansa ya tambayi darussan da aka rubuta masa. Idan an riga an makara, akwai jarrabawar 'yan waje da a kan yi daga baya, yaro na iya cike gurbin da ita.

Ita jarrabawar JAMB, tun 2015 da kwamfuta kaɗai ake yin ta. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 kuma a kowane ɗaya daga cikin darussa uku, maki duka 400. Mai neman wasan kwaikwayo zai ɗauki Turanci da Adabin Turanci, sa'an nan ya cika da darussa biyu daga cikin waɗanda jami'ar da ya zaɓa ta amince da su, kuma jerinsu yana cikin littafin bayani na hukumar. Tun 2021 ba a yin rajista sai da lambar katin ɗan ƙasa. A lura ƙwarai, sunan yaro da ranar haihuwarsa su zama iri ɗaya a katin da takardun makaranta, domin harafi guda ya kan jawo wa mutum asarar shekara. Yaron da bai saba da kwamfuta ba kuwa, a biya masa 'yan makonni ya koya kafin ranar.

Wuraren karatun ba su yi wa mutumin Potiskum nisa ba. Akwai Jami'ar Maiduguri, da Jami'ar Bayero ta Kano, da ta Ahmadu Bello, da ta Jos. A Jos ɗin har wa yau akwai Cibiyar Koyar da Shirya Fim ta Ƙasa, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Fina-finai, tana ba da difloma da digiri, da kuma Kwalejin Telebijin ta NTA. Kowanne daga cikin waɗannan garuruwa, wanda ya yi sammako zai isa kafin dare, kuma da wuya a rasa ɗan'uwa ko ɗan gari da za a danƙa masa amanar yaro. Wajen kuɗi kuma, tun 2024 akwai asusun bashin karatu na NELFUND ga ɗaliban makarantun gwamnati, ba ruwa a cikinsa, kuma sai shekara biyu bayan gama hidimar ƙasa ake fara biya.

RANAR GWAJI

Bayan jarrabawar JAMB, kowace jami'a tana da irin tata tantancewar. Wasu makarantun koyon fim da kamfanonin shirya wasanni kuma su kan kira masu nema su gwada su ido da ido. A irin wannan gwaji a kan ba yaro 'yan layuka ya karanta da ƙarfi, ko a ce ya zo da wani yanki da ya haddace, ko a ba shi hali nan take, a ce misali kai ne ɗan kasuwar da aka yi wa sata, nuna mana. Abin da suke dubawa shi ne murya, da fitar harafi, da natsuwa, da ko yaro yana jin gyara idan an gyara masa. Yaron da ya yi hadda a Islamiyya, ya yi tashe da azumi, ya kuma saba tsayawa gaban jama'a ranar saukar karatu, ya riga ya sami rabin guzurinsa. Taimakon da gida zai yi masa bai wuce a ba shi wuri da lokaci ba, a zauna a saurare shi ba tare da ƙannensa sun mai da shi abin dariya ba. Uba ma yana iya saurara ta waya bayan sallar lisha.

Sai dai a nan ne kuma macuta suke. A kan ga sanarwa a Facebook ko WhatsApp cewa ana neman sababbin 'yan wasa, a turo kuɗin fom ta asusun wani mutum, a turo hotuna, a zo otal kaza da yamma. Jama'a, makarantar gaskiya tana da ofis da allo, kuma ba ta karɓar kuɗi ta asusun mutum ɗaya. Kamfanin fim na gaskiya a Kano yana da rajista da Hukumar Tace Fina-finai ta jihar, wadda aka kafa a 2001, kuma ba ya ƙin a zo da waliyyi. Duk wanda ya ce wa yarinya ta zo ita kaɗai, to, an san abin da yake nema. Idan uba ba zai sami zuwa ba, ya wakilta baffan yaro ko kawunsa ko gwaggonsa, ya aiko da kuɗin motar mutum biyu. Kuɗin motar nan na biyu ya fi kowane kuɗi amfani a cikin sha'anin.

TAMBAYOYIN DA UBA ZAI YI

Wanda ya raka yaro kada ya tsaya a bakin ƙofa. Ya nemi ganin shugaban sashe ya yi tambaya. Ɗaliban wannan fanni su kan yi gwajin wasa da yamma, wani lokaci har dare, saboda haka a tambaya ƙarfe nawa ake tashi, kuma wane malami ne ke tsayawa a kansu. A tambaya ko ana tilasta wa ɗalibi rawa ko suturar da ba ta dace da addininsa ba. Mazauna Kurmi sun sha ganin hotunan bikin karɓar sababbin ɗaliban wannan sashe a wasu jami'o'in Kudu, an ɗaura farin ƙyalle an shafa alli, har wasu suna zaton tsafi ne. Malamansu sun ce al'adar sana'a ce kurum, amma uba yana da ikon ya tambaya yadda ake yi a inda zai kai ɗansa, ya kuma zaɓi inda hankalinsa ya kwanta.

A kuma sani ba duk wanda ya shiga sashen ne ke fitowa a gaban kyamara ba. Akwai masu rubuta labari, da masu ba da umarni, da masu ɗaukar hoto da sauti, da masu haɗa hoto, da masu tsara fitilu da kayan sawa. Wasu su kan ƙare a gidajen rediyo da telebijin, wasu a koyarwa, wasu a ofisoshin yaɗa labarai na gwamnati. Tun da tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, ta kuma kawo shirye-shirye masu dogon zango irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, bukatar masu irin wannan horo ta ƙaru. Duk da haka ba za mu ɓoye muku ba, aikin ba shi da tabbacin albashin wata-wata ga kowa, kamar dai yadda sauran masu digiri ke fama. Saboda haka hikima ce yaro ya riƙe wata sana'a a hannu, ko da kuwa zaman shagon mahaifinsa ne a lokacin hutu.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai tanƙwarawa sai ya sa hannu ya riƙe. Uban da ya bincika ya ga abin bai yi masa ba, yana da damar ya zaunar da ɗansa ya gaya masa dalili, su nemi wani fanni makusanci, kamar aikin jarida ko Hausa ko Turanci. Wanda kuma ya amince, to, ya amince da sharaɗi, ya san makarantar, ya san malamin, ya san ɗakin kwanan, ya riƙa neman sakamakon kowane zango kamar yadda yake bin lissafin kayan da ya loda zuwa Kurmi. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya kuma komo da matafiyanmu gida lafiya, amin.