Taurarinmu Sun Tsufa, Kasafin Kuɗi Na Jan Ƙafa

Rabon da shirin sararin samaniya na farar hula a Najeriya ya harba babban tauraron ɗan'adam tun shekarar 2011. A wannan shekara kaɗai aka ɗaga guda uku: biyu a watan Agusta, ɗaya a Disamba. Daga nan sai shiru, in ban da wani ɗan ƙarami da bai fi cikin tafin hannu biyu ba, wanda aka ƙera da haɗin gwiwar Jami'ar Fasaha ta Akure da wata cibiyar fasaha ta Japan, aka sake shi a sama a 2017. Mutane da yawa ba su ma san ƙasar nan na da taurari ba, balle su san cewa waɗanda ake da su sun tsufa. Amma da kuɗin jama'a aka saye su, da kuɗin jama'a kuma ake biyan masu kula da su, saboda haka ya kamata a san inda aka kwana.

An kafa hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, wato NASRDA, a 1999. Hedkwatarta na Abuja a kan hanyar filin jirgin sama. Tauraronta na farko, NigeriaSat-1, kamfanin Surrey na Ingila ne ya ƙera shi, aka harba shi daga Plesetsk a Rasha ranar 27 ga Satumbar 2003. Nauyinsa kusan kilo 100, kuɗinsa kusan dala miliyan 13, aikinsa ɗaukar hoton doron ƙasa. An tsara shi ya yi shekara biyar, ya zarce har 2012. Ya kasance cikin ayarin taurarin ƙasashe da ke sa ido kan bala'o'i, har ma hotunansa sun yi amfani a Amurka lokacin guguwar Katrina a 2005. In aka dubi abin da aka kashe da abin da aka samu, an ci riba.

Na biyu ne ya zo da takaici. NigComSat-1 tauraron sadarwa ne, ya ninka na farko girma da tsada nesa ba kusa ba, domin ya laƙume kusan dala miliyan 300. Kamfanin Great Wall na ƙasar Sin ne ya ƙera shi, aka harba shi daga Xichang a watan Mayun 2007, da fatan zai yi shekara 15. Bai wuce wata 18 ba farantan da ke zuƙo masa hasken rana suka lalace, wuta ta ɗauke masa, ya mutu a Nuwambar 2008. Abin da ya rufa asiri shi ne inshora: an ƙera madadinsa, NigComSat-1R, aka harba shi a Disambar 2011. 'Yan watanni kafin nan an ɗaga NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X a kan roka ɗaya daga Yasny a Rasha. Na farkon yana iya tantance abin da faɗinsa ya kai mita biyu da rabi a ƙasa. Na biyun bai kai shi kaifin gani ba, amma injiniyoyin Najeriya fiye da ashirin ne suka haɗa shi da hannunsu a Ingila, kuma a ganina wannan ne abu mafi daraja da shirin ya taɓa samarwa.

A waɗancan shekarun an rubuta tsari na shekara 25 wanda zai ƙare a 2030. A cikinsa an ce za a horar da ɗan sama jannati zuwa 2015, a harba tauraron da aka ƙera a cikin gida zuwa 2018, sannan kafin tsarin ya cika a harba tauraron Najeriya, a kan rokar Najeriya, daga ƙasar Najeriya. Shekarar 2015 ta zo ta wuce. Ita ma 2018 haka.

Abin da ya kamata mai karatu ya fara fahimta shi ne, kowane tauraro da wa'adinsa ake harba shi, kuma ba a zuwa masa gyara. Mai ɗaukar hoto yana shawagi ne a nisan kusan kilomita 700, yana kewaya duniya sau goma sha huɗu ko fiye a kwana guda. Duk kewaye ɗaya sai ya shiga rana mai ƙuna ya faɗa inuwa mai tsananin sanyi, batirinsa ya cika ya zube. Shekara da shekaru a haka, batiri ya gaji, na'urorin da ke saita shi su sassauta, hasken da ke fitowa daga rana ya riƙa cin kayan lantarkinsa. Shi kuwa na sadarwa yana can nisan kusan kilomita 36,000, inda yake tafiya daidai da juyawar duniya, shi ya sa kwanon da ke kan rufin gida yake fuskantar wuri guda kullum. Tsayuwar nan tasa ba kyauta ba ce: yana ɗan ƙona mai lokaci-lokaci don kada ya zame daga gurbinsa. Ranar da man ya ƙare, aiki ya ƙare, ko da sauran kayansa lafiya lau suke. An tsara NigeriaSat-X ya yi shekara biyar, NigeriaSat-2 bakwai, NigComSat-1R sha biyar. A lissafa daga 2011. Biyun farko sun daɗe da wuce wa'adinsu, na ukun kuma lissafinsa na cika a 2026. Tauraro kan iya zarce wa'adi, kamar yadda na 2003 ya yi, amma wannan sa'a ce, ba tsari ba.

To me ya hana a maye gurbinsu a kan lokaci? Amsar da aka saba ji ita ce babu kuɗi. Gaskiya ne, amma ba ita ke nan ba. Yadda kuɗin ke zuwa ya fi ƙarancinsu illa.

Kasafin gwamnati na shekara ɗaya ne, shi kuwa ƙera tauraro aikin shekara biyu ne zuwa huɗu, ana biya kashi-kashi bisa matakin da aiki ya kai. Mai gina gida zai iya sayen bulo bana, ya tsaya, ya yi rufi baɗi in hali ya samu, gidan na nan yana jiransa. Tauraro ba ya jira haka. In aka makara da biyan kashi ɗaya, kamfanin ya ɗauke ma'aikatansa zuwa aikin wani, gurbin da aka kama a roka ya suɓuce, farashi ya tashi. Ga kuma tazarar da ke tsakanin abin da majalisa ta amince da shi da abin da baitulmali ya saki. Adadin da ake karantawa a jarida ranar da shugaban ƙasa ya sa hannu a kasafi izini ne na kashewa, ba kuɗi ne a hannu ba. Ɓangaren manyan ayyuka shi ne kan sha jinkiri, har ta kai sai da majalisa ta tsawaita aiwatar da na kasafin 2024 zuwa ƙarshen 2025. Wannan matsala ce ta dukkan ma'aikatu, amma ta fi cutar da aikin da ke tafiya da agogo.

Albashi kuwa dole ne a biya shi duk wata, don haka shi ke fara ɗaukar rabonsa. Hukumar na da cibiyoyi a warwatse: ta nazarin hotunan ƙasa a Jos, ta auna doron ƙasa da motsinsa a Toro ta jihar Bauchi, ta kimiyyar taurari a Nsukka, ta fasahar roka a Epe, ta nazarin iska a Anyigba, ta horarwa a Ile-Ife, ban da ƙananan ofisoshi da aka yi ta ƙarawa. Kowace da ma'aikatanta, motocinta, janaretanta. Ba a ce ba su da amfani ba. Girgizar ƙasar da aka ji a unguwar Mpape ta Abuja a 2018 ta tuna wa mutane dalilin kafa irin ta Toro. Amma duk lokacin da aka buɗe sabon ofis ba tare da ƙarin kuɗin aiki ba, abin da ke ƙaruwa shi ne yawan masu jiran aiki, ba aikin ba.

Sai batun dala, wanda shi ne ya fi kowanne nauyi. Kusan duk abin da ke jikin tauraro daga waje ake sayo shi, haka kuɗin roka, haka inshora. Lokacin da aka harba na 2003 dala ɗaya na kusan naira 130. A 2011 tana wajen 150. A 2024 ta haura 1,500. Ma'ana, ko da an ninka kasafin hukumar sau biyar a naira tun daga 2011, abin da zai iya sayowa a kasuwar duniya ya ragu da rabi. Wanda ya ga adadin naira na ƙaruwa a takarda zai ɗauka ana ci gaba, alhali baya ake yi.

Babu inda wannan ya fi bayyana kamar a ginin haɗa taurari da gwada su, wanda aka daɗe ana maganarsa a Abuja. Kafin a ɗora tauraro a roka sai an girgiza shi kamar yadda roka za ta girgiza shi, an sa shi a ɗakin da aka zuƙe wa iska, an gasa shi an daskarar da shi. In babu irin wannan wuri, alkawarin ƙera tauraro a gida magana ce kawai. Shugabannin hukumar sun sha kokawa a bainar jama'a kan rashin kammala shi. Injiniyoyin da suka haɗa NigeriaSat-X sun dawo gida da ilimi a hannu ba su tarar da wurin da za su yi amfani da shi ba, kuma irin wannan ilimi in ba a aiki da shi dusashewa yake yi. Masar ta gina nata wurin da tallafin Sin, ta haɗa tauraronta MisrSat-2 ta gwada shi a can, aka harba shi a Disambar 2023. A Alƙahira ne kuma aka ajiye hedkwatar hukumar sararin samaniya ta Tarayyar Afirka.

Sanarwa dai ba a rasa ta ba. A 2016 ministan kimiyya na lokacin, Ogbonnaya Onu, ya ce Najeriya za ta tura ɗan sama jannati zuwa 2030. A 2018 ministan sadarwa Adebayo Shittu ya sanar da cewa Sin za ta samar da dala miliyan 550 don sababbin taurarin sadarwa biyu. Ba a harba su ba. A 2024 hukumar ta ƙulla yarjejeniya da wata ƙungiya ta waje don ɗan Najeriya ya samu kujera a rokar kamfanin Blue Origin, tafiyar da ba ta fi minti goma sha ɗaya ba, a leƙa sama a dawo. A 2025 gwamnati ta ce ta amince da sababbin taurari huɗu, uku masu ɗaukar hoto, ɗaya mai aiki da rada. A cikin duka waɗannan, na ƙarshen ne ya cancanci a bi shi sau da ƙafa. Maganar ɗan sama jannati tana da daɗi a kanun labarai, amma ita ce ke sa talaka ya ɗauki shirin gaba ɗaya a matsayin almubazzaranci.

Kuma talakan yana da hujja. Ƙasar da asibitocinta ke kukan rashin magani, me ya kai ta sama? Amsar ba ta cikin alfahari, tana cikin ambaliya. Ta 2022 ta kashe mutum fiye da 600, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu. A Satumbar 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri. A irin wannan lokaci hoto daga sama ne ke nuna inda ruwa ya kai, wace hanya ce ta yanke, wane ƙauye ne ya zama tsibiri. Da shi ake bin janyewar Tafkin Chadi, wanda mu da Nijar da Chadi da Kamaru muke ci daga gare shi, da gusowar hamada, da faɗin gonakin da aka noma a damina. Ana yawan ambaton tsaro ma, amma a nan gara a rage zuzutawa. Tauraron da ke kewaya duniya wucewa yake yi ya dawo bayan kwanaki, ba tsayawa yake yi a kan dajin Zamfara yana gadi ba, kuma a kaifin mita biyu da rabi ba a ganin mutum. Sansani, sabuwar hanya, wurin da aka sare daji, waɗannan ana iya gani.

Akwai masu cewa tunda hotunan Landsat na Amurka da na Sentinel na Turai kyauta ake ba da su, a daina sayen taurari, a zuba kuɗin wajen horar da masu fassara hotunan. Maganarsu na da ƙarfi, kuma rabin aikin da ake buƙata za a iya yin sa da hotunan kyauta tun yau. Inda ta gaza shi ne, wanda tauraron ba nasa ba ne ba ya zaɓar ranar da za a ɗauka ko wurin da za a auna. Shi ya sa mai rada ɗin nan ya fi sauran muhimmanci. Kyamara ba ta gani ta cikin girgije, ambaliya kuwa a tsakiyar damina take zuwa lokacin da sama ke rufe. Rada tana ratsa girgije da ƙurar hunturu, tana aiki dare da rana.

A ɓangaren sadarwa lamarin ya fi tsauri. Kamfanin NigComSat na gwamnati ne, yana ƙarƙashin ma'aikatar sadarwa, ita kuwa NASRDA tana ƙarƙashin ta kimiyya, kowa da layinsa a kasafi. An daɗe ana ƙorafin cewa hukumomin gwamnati da kamfanonin cikin gida na hayar taurarin waje alhali na gida bai cika ba. Sannan a farkon 2023 Starlink, mai samar da intanet ta tauraro, ya fara aiki a Najeriya, ƙasa ta farko a Afirka, ya sauya kasuwar baki ɗaya. Duk wanda zai sa hannu a sayen sabon tauraron sadarwa yanzu, wajibi ne ya fara nuna wa jama'a su wane ne za su yi hayarsa, kuma nawa za su biya.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk lokacin da aka kira shugabannin waɗannan hukumomi kare kasafi a majalisa, ɗan jarida ko ɗan majalisar mazaɓarku na iya neman amsa a kan abubuwa bayyanannu: nawa aka amince bara, nawa aka saki, nawa ne albashi ya ci, an sa hannu a kwangila ko amincewa ce kawai, da wane kamfani, an biya kashin farko ko ba a biya ba. Ranar sa hannu ce ma'auni, ba ranar sanarwa ba. An sa hannu a kwangilar NigComSat-1 a Disambar 2004, aka harba shi a Mayun 2007. Ta madadinsa an sa hannu a 2009, bai tashi ba sai ƙarshen 2011, kuma a tsakanin mutuwar na farko da tashin na biyu ƙasar ta yi shekara uku cur ba ta da tauraron sadarwa nata.