3.4 Hanyar Haɗa Taswira da Taswira a Wasan Kwamfuta

A wannan sashe za a yi bayanin yadda ɗan wasa ke tsallakawa daga wata taswira zuwa wata. Masu tsara wasa sukan rarraba duniyar wasan gida-gida ne saboda ma'adanar kwamfuta ba ta iya ɗaukar ta gaba ɗaya a lokaci guda.

A wasan Doom na shekarar 1993, idan ɗan wasa ya kai mafita, sai a ajiye shi a farkon taswira ta gaba, kuma ba shi da damar komawa baya. Amma a wasan Half-Life, wanda kamfanin Valve ya fitar a 1998, an ɗinke taswirorin ta yadda tafiya ba ta yankewa. Manhajar da ake zana taswirorinsa ita ce Worldcraft, wadda daga baya aka sauya wa suna zuwa Hammer. Abubuwa biyu ake dasawa a wurin haɗin. Na farko shi ne trigger_changelevel, wato tarko marar ganuwa mai ɗauke da sunan taswirar da za a shiga. Na biyu shi ne info_landmark, wanda za a kira turke a wannan nazari.

Alal misali, a ɗauka an zana taswirar Boɗinga da ta Shagari, garuruwan da ke kan hanyar Sakkwato zuwa Jega. Sai a zaɓi wani yanki na hanyar a zana shi iri ɗaya a taswirorin biyu, a kafa turke mai suna ɗaya a daidai gurbi ɗaya a kowacce. Da zarar ɗan wasa ya taka tarkon, kwamfuta za ta auna nisansa da turken Boɗinga, sannan ta ajiye shi a daidai wannan nisa daga turken Shagari. Haka kuma wajibi ne taswirar Shagari ta sami nata tarkon mai komawa Boɗinga.

Idan sunayen turakun suka saɓa, haɗin ba zai yi aiki ba. Idan kuwa turke ya goce daga gurbinsa, ɗan wasa na iya samun kansa a maƙale cikin bango. Ke nan, ingancin haɗin ya rataya ne a kan daidaiton turakun biyu.