Tukunyar Nukiliyar Zariya: Ƙirar Wa Ce?

Cikin masu hawa mota daga Hanwa zuwa Samaru, kaɗan ne suka san Jami'ar Ahmadu Bello na da tukunyar nukiliya. Tana Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi, sunanta NIRR-1, an kunna ta a Fabrairun 2004. 'Yan Sin ne suka ƙera ta. Sai dai duk injiniyan da ya san tukunyar SLOWPOKE ta Kanada, da ya ga zanen ta Zariya zai yi turus, domin kamar an tsaga kara.

Dubi cikinsu a ƙirarsu ta asali. Siraran sandunan yuraniyom da aka gauraya da alminiyom, an jera su a ɗan keji. Zoben ƙarfen beriliyom ya kewaye kejin yana mayar da niyutron ciki. Sanda guda ta kadmiyom a tsakiya ita ce linzami. Ruwa ke sanyaya su ba tare da famfo ba, in kuma ya yi zafi, wutar da kanta take lafawa. Ta Kanada kilowat 20, ta Zariya kimanin 30. To wa ya riga wani?

Shekaru sun raba wannan gardamar. Kanada ta kunna ta farko a Chalk River a 1970, ta Beijing sai 1984. Saura tambaya mai nauyi: da wane haƙƙi Sin ta sayar wa Pakistan, Iran, Gana, Siriya da Najeriya?

Takardar haƙƙin ƙirƙira ba ta tsallaka iyaka. Wadda aka bayar a Kanada, a Kanada take aiki. Dokar Sin kuwa ba ta fara aiki ba sai 1 ga Afrilun 1985, bayan tukunyarsu ta kama wuta, kuma abin da aka riga aka baza a mujallun kimiyya ba ya komawa sabo. Sannan takardar tana da wa'adi, shekara 20 ne a dokarmu ta 1970. Ko da an yi rajista a nan tun farko, kafin 2004 ta mutu.

Juya tambayar, a nan ne lauyoyi ke gumi. Shin 'yan Sin za su iya cewa ƙarin sanduna da ƙarin ƙarfi ƙirƙira ce tasu? Dokarmu ba ta gamsu da sabunta kawai ba. Sai abin ya zama ba wanda gwanin sana'ar zai hango kai tsaye daga ilimin da ke ƙasa. A ganina ƙara kilowat 10 ba zai haye wannan siraɗin ba. Abin da ke damuna shi ne magatakardan rajista a Najeriya ba ya wannan awon. In takardu sun cika, ya ba ka, sai wani ya kai ƙara Babbar Kotun Tarayya sannan a bincika. Maƙerin da ba shi da kuɗin lauya, shi ke kwana ciki.

Sauyin da aka yi wa ta Zariya a 2018 ma haka yake. An cire yuraniyom mai tacewar kashi 90, irin wanda ake tsoron ya shiga hannun masu haɗa bam, aka sa na kashi 13 cikin kwanson zirkoniyom. Aiki ne mai wuyar lissafi, masananmu na Zariya sun cancanci yabo a kansa. Amma dabarar tana aiki a tukunyar kwalejin soja ta Kingston a Kanada tun 1985. Tsohon yuraniyom ɗin kuwa, an mayar da shi Sin a Disamban 2018.