Almajirin Tarihi a Gindin Bango

Duk ɗalibin da ya kai aji huɗu a sashen tarihi ya san akwai abin da ke jiransa. Su furojet suke ce masa, malamai kuma su ce kundin kammala digiri. Shekara uku ya yi yana karanta abin da wasu suka rubuta. Yanzu an ce masa ya fita ya samo nasa. A wurina nan ne ake fara koyon sana'ar, kamar yadda yaron maƙeri ba ya zama maƙeri da zugar zuga-zugi sai ranar da aka miƙa masa guduma.

Matakin farko shi ne rigimar take. Ɗalibi yakan zo da buri mai faɗi, ya ce zai rubuta tarihin Daular Usmaniyya. Malamin da ke duba aikin sai ya yi ta rage masa har ya koma kan kasuwar garinsu, ko marinar unguwarsu, ko zanen bangon gidaje goma a cikin birnin Zariya. Wasu kan ji kamar an raina su ne. Ba raini ba ne. Littattafai kan Shehu da Muhammadu Bello sun cika kantoci, amma gidajen nan goma babu wanda ya taɓa tsayawa ya tambayi wa ya gina su.

A ɗauki ɗalibar da ta zaɓi zanen bango. Za ta shiga birni da waya da littafin rubutu, da ɗan goro a jaka, a yi mata jagora zuwa zauren wani tsohon magini. Ba a fara tambaya daga shiga. Sai ta durƙusa ta gaishe shi, "Baba, ina wuni, ina gajiya," ta faɗi 'yar gidan wa ce, ta jira ya gama nasa tambayoyin. Wataƙila sai zuwa na uku zai tashi ya nuna mata yadda ake jera tubali, yadda ake ɗora azara a tanƙwara bakan gizo, da yadda ake zana bango da hannu tun ƙasar tana ɗanya kafin a shafe da makuba. A nan za ta ga dagi, ta ga takobi, ta ga keke. Keken nan ba ƙaramin abu ba ne gare ta. In tsohon ya ce zanen ya shekara ɗari biyu, keken da ke jikin bangon yana cewa a'a, domin bai iso ƙasar nan ba sai zamanin Turawa. Ba za ta ƙaryata dattijo a zaurensa ba. Za ta rubuta abin da ya faɗa yadda ya faɗa, da ranar da wurin, sannan ta koma ta yi tunani: ko ginin ne tsoho, zanen aka sabunta?

Wannan auna magana shi ne zuciyar aikin. Misali, kowa a Zariya ya san Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a a zamanin Sarki Abdulkarimu, cikin ƙarni na 19. Ana kuma ba da labarin cewa bayan ya gina wani masallaci a Birnin Gwari, sarkin can ya sa aka kashe shi don kada ya gina wa wani irinsa. Ɗalibin kirki ba ya haɗiye wannan labari, ba ya kuma zubar da shi. Yakan tambayi daga bakin wa aka ji, su wa ke faɗa, kuma me labarin ke nunawa game da darajar magini a idon sarakuna.

Daga nan sai Kaduna. A gidan adana takardun tarihi na ƙasa ake cike takarda a nemi fayil, a zauna a jira. Fayilolin lardin Zazzau suna ƙarƙashin ZARPROF, na Kano KANOPROF, na sakatariyar lardunan Arewa kuma SNP. Takardun sun yi ja, bakinsu na marmashewa, dole a buɗe su a hankali. A ciki akwai rahotannin da Di'o-Di'o suka rubuta don yanka haraji, inda suka ƙidaya magina da marina da masaƙa na gunduma. Amma haraji Baturen yake nema, mutanen kuma sun san haka. Wanda ya ɓoye sana'arsa ba ya cikin lissafin. Wato ita ma takardar ana yi mata tambayoyin da ake yi wa tsoho. Wannan tarbiyya ce da Abdullahi Smith, wanda ya kafa Gidan Arewa a 1970 a tsohon gidan Sardauna, da ɗalibinsa Yusufu Bala Usman suka dasa a Jami'ar Ahmadu Bello: kowace madogara sai an tuhume ta, ta baka ce ko ta alƙalami.

Sana'ar na da nata ciwon. Kuɗin mota daga aljihun ɗalibi yake fita, yajin aiki kan yanke bincike a tsakiya, wasu garuruwan kuma yau ba sa shiguwa saboda 'yan bindiga. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne masu sayar da kundi a shagunan kwamfuta na bakin jami'a, a canza suna da shekara a miƙa. Wanda ya sayi irin wannan ya sami maki, amma bai taɓa zama a zaure yana jiran tsoho ya gama tari ya ci gaba da magana ba.

Bayan an kare aikin gaban malamai, sai a ɗinke shi da bango mai kauri a ajiye kwafi a sashen. Ƙura kan rufe mafi yawansu. Sai dai damina ba ta jiran kowa: kowace shekara soraye na faɗuwa a birni, masu gida na maye su da bulo da kwano. Sau da yawa hoton da ɗalibar nan ta ɗauka, da awon da ta yi da igiyar awo, da sunan maginin da ta rubuta a shafi na 40, su ne kaɗai abin da ya rage na bangon mai keke.