Filasha da Fitilun Dandamali a Hoton Makaɗa

Da gangan ake barin gidan rawa cikin duhu, ɗan hasken da ke cikinsa kuma ba don kyamara aka tsara shi ba. Haske iri biyu ne a gaban mai hoto: fitilun dandamali, waɗanda wani ke sarrafawa, da filasha, wadda take hannunsa.

Fitilun dandamali su ke ba hoto kamannin daren, shi ya sa ƙwararru suka fi dogara da su. Sai dai ba su da ƙarfi, don haka ana buɗe bakin gilashin kyamara zuwa f/2.8 ko f/1.8, a ɗaga ISO tsakanin 1600 da 6400. Ƙiftawar 1/250 na daƙiƙa takan tsayar da mawaƙi, amma hannun mai ganga sai 1/500. A kan fuska ake auna haske, domin idan kyamara ta haɗa da duhun baya a lissafinta, fuskar za ta ƙone fari fat. Jar fitila ta fi kowace wahalarwa: tana shafe zanen fuska har mutum ya zama kamar an shafa masa fenti, abin da ya sa da yawa daga irin waɗannan hotuna ke ƙarewa a baƙi da fari. Wasu fitilun LED kuma suna kunnuwa suna mutuwa da saurin da ido ba ya kamawa, sai ratsi ya fito a hoto idan ƙiftawar ta yi sauri.

Filashar da aka harba kai tsaye tana kashe launukan fitilun dandamali, ta tona wayoyi da tarkacen bayan dandamali, hayaƙi kuma ya maido haskenta ya zama hazo. Ba ta cin zango: in nisa ya ninka, haskenta ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Jefa ta a silin dabara ce, amma silin kulob galibi baƙi ne, sai ya shanye ta.

Amfaninta yana fitowa idan aka haɗa ta da hasken wurin. A rage ƙarfinta, a bar kyamara a buɗe kamar 1/15 na daƙiƙa. Filasha ta tsayar da fuska, fitilun dandamali su ja zaren launi kewaye da ita. Raba ta da kyamara ma yana sauya hoto. Herman Leonard yakan girke fitilunsa a gefe da bayan makaɗan jaz a New York, har hayaƙin taba ya fito kamar zane, kamar a hotonsa na Dexter Gordon na 1948.

A manyan wasanni ƙa'ida sananniya ce: ɗaukar hoto a waƙoƙi uku na farko kawai, ba filasha. Ƙananan kulob sun fi sassauci, amma tun da dandamalin ƙarami ne, hasken filasha yana shiga idon makaɗi kai tsaye, don haka izininsa ake nema kafin a fara wasa.