Mashaya, Giyar Ganga da Ranar Wasan Waje a Ƙwallon Ingila

A tsarin gasar ƙwallon ƙafa ta Ingila kowace ƙungiya tana buga rabin wasanninta a filinta, sauran rabin kuma a filayen abokan hamayyarta, wanda shi ake kira wasan waje. Ƙungiyoyi 92 ne ke matakai huɗu na sama, daga Firimiya zuwa ƙasa, kuma sun warwatsu daga Plymouth a kudu maso yamma har zuwa Newcastle a arewa maso gabas, tazarar da ta haura kilomita 600 ta hanyar mota. Dokar Firimiya ta wajabta wa mai masauki ya ware wa baƙi kujeru 3,000, ko kashi 10 cikin 100 na filin idan bai kai cin mutum 30,000 ba, sannan tun daga shekarar 2016 aka ƙayyade cewa tikitin baƙo kada ya wuce fam 30. Waɗannan 'yan tsiraru da ake tarawa a kusurwa guda su ne sau da yawa mai kallo a gidan kallon ƙwallo a Kano ko Maraɗi yake jin muryarsu ta danne ta masu gida. Abin da kyamara ba ta nunawa shi ne sa'o'i uku ko huɗu da ke gabanin take leda, waɗanda da yawa daga cikinsu suke shafewa a mashaya.

Hukuncin giya a wurin mai karatu Musulmi sananne ne, kuma ba shi ake tattaunawa a nan ba. Abin nema shi ne fahimtar yadda wata al'umma ta tsara nishaɗinta. Mashayar Ingila ba wurin shan giya kaɗai ba ce, domin a nan mutanen unguwa suke haɗuwa, a ci abinci, a yi taron ƙungiyoyi, a kuma zauna bayan jana'iza, shi ya sa tarihin ƙwallo ya sarƙe da nata tun daga tushe. A wata mashaya ta Landan mai suna Freemasons' Tavern aka kafa Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Ingila a watan Oktoba na 1863. John Houlding, wanda ya kafa Liverpool a 1892 bayan ya saɓa da Everton a kan kuɗin hayar filin Anfield, mai masana'antar giya ne, kuma a otal ɗinsa na Sandon 'yan wasan Everton suke canza kaya kafin rabuwar. Haka nan John Henry Davies, wanda ya ceto ƙungiyar da ta zama Manchester United daga durƙushewa a 1902, da dukiyar giya ya yi hakan. Tsohon filin Brentford, Griffin Park, ya shahara da cewa akwai mashaya a kowace kusurwarsa huɗu, sunansa ma daga tambarin kamfanin giya na Fuller's aka samo shi, domin kamfanin ne yake da gonar da aka gina filin a kanta.

Duk da wannan daɗaɗɗiyar dangantaka, siffar ranar wasan waje ta yau doka ce ta ƙera ta. A shekarun 1970 da farkon 1980 faɗa tsakanin gungun magoya baya ya zama ruwan dare, kuma bayan da mutum 39 suka mutu a filin Heysel da ke Beljiyam a watan Mayu na 1985, a wasan Liverpool da Juventus, gwamnatin Margaret Thatcher ta gaggauta kafa dokar taƙaita shan giya a wasanni. Sikotland ta riga ta yin irin wannan doka a 1980, bayan tarzomar da ta ɓarke a wasan ƙarshe tsakanin Celtic da Rangers. Dokar 1985 ta haramta shan giya a duk inda ake hango filin wasa, ta haramta shiga fili a buge, ta kuma hana ɗaukar giya a motoci da jiragen ƙasa da aka keɓe domin kai magoya baya. Har yanzu tana aiki a matakai biyar na sama na ƙwallon maza, alhali mai kallon wasan zari-ruga, ko da a wannan filin ne, yana iya zama da kofinsa a kujerarsa ba tare da kowa ya tanka masa ba.

Dokar ba ta hana sha ba, wurin shan ta sauya. A cikin fili sai dai mutum ya sauka ƙarƙashin rumfa lokacin hutun rabin lokaci, ya bi dogon layi, ya kwankwaɗe abin da ya samu cikin minti goma sha biyar, saboda haka duk mai son zama a natse sai ya nemi mashaya a cikin gari kafin wasa. Masu zuwa a bas ɗin ƙungiya su ne suka fi takura, domin ƙa'idar da aka gindaya wa kamfanonin sufuri ta hana su tsayawa a cikin tazarar mil goma daga filin sai da yardar 'yan sanda, wannan ne ya sa masu neman sakewa suka fi son jirgin ƙasa na gama-gari, ko da yake shi ma akan ayyana wasu tafiye-tafiyensa a matsayin waɗanda ba a yarda da giya a cikinsu ba. A garin da aka je, mashayun sun kasu: wasu na liƙa takarda a ƙofa cewa 'yan gida kawai, mai gadi yana duba tikiti kafin ya bar mutum ya shiga, wasu kuma 'yan sanda sun keɓe su ga baƙi, inda ake ba da giya a kofin roba don gudun kwalba ta zama makami. Idan wasan na masu tsohuwar gaba ne, akan dawo da shi zuwa sha biyu da rabi na rana maimakon ƙarfe uku da aka saba, musamman don a rage sa'o'in sha.

A tsakanin waɗannan kashi biyu akwai wata mashaya ta uku, wadda galibi take ɗan nesa da fili, ba ta da kiɗa, wani lokaci ba ta da talabijin, kuma ita ce masu neman abin da Ingilishi suke kira real ale suke nufa. Ma'anarsa giyar da aka zuba a ganga tun ba ta gama nuna ba, ba a tace ta ba, ba a kuma dumama ta don kashe ƙwayoyin da ke cikinta ba. Ana haɗa ta da ruwa, da tsiron sha'ir, da furen wani tsiro mai yaɗo da ake kira hof wanda yake ba ta ɗaci da ƙamshi, da kuma yis, wato ƙwayoyin da ke juya zaƙin hatsi ya zama barasa. Da yake yis ɗin yana nan da ransa, yana ci gaba da aiki a cikin gangar har bayan ta isa mashaya, kuma 'yar iskar da ke cikin giyar daga aikinsa take fitowa, ba a dura mata da inji ba. Bambancinta da giyar kwalba ko ta tukunyar ƙarfe mai matsin iska ya yi kama da na kindirmo da madarar gwangwani: ɗaya yana da rai kuma ba ya jimawa, ɗayar kuma an kashe komai a cikinta don ta yi watanni tana ɗanɗano iri ɗaya.

Saboda haka rabin aikin yana hannun mai kula da ɗakin ajiya na ƙarƙashin ƙasa, inda ake riƙe sanyi tsakanin digiri 11 da 13 a ma'aunin Salsiyos. Gangar da aka fi amfani da ita tana cin galan tara, wato kofi 72 na ma'aunin da ake sayar da giya da shi, mai cin mililita 568. Idan ta iso sai a kwantar da ita a kan katako a bar ta kwana ɗaya ko biyu, har guggubin ya kwanta. Akan taimaka wa kwanciyar da wani sinadari da ake samu daga jakar iska ta cikin kifi, abin da ya sa wasu masu ƙin cin nama suke guje mata. Daga nan sai mai kula da ɗakin ya huda marfin da ke saman gangar, ya soka ɗan tsinken itace mai laushi wanda iska ke iya ratsawa, ya jira kumfa ta daina tsattsafowa, sannan ya buga famfo da guduma a bakin gangar, bugu ɗaya mai ƙarfi, don kada ta fesa masa a fuska. A sama, mai sayarwa yana jan dogon mariƙin famfon hannu ne, ja biyu ko uku, giyar ta hau ta cika kofi. Duk kofin da aka zuba, iska ce ke shiga ta maye gurbinsa, shi ya sa bayan kamar kwana uku giyar takan fara tsami. A nan ranar wasa take yi wa mai mashaya rana, domin cunkoson da ke ƙarar da ganga kafin a take leda shi ne tabbacin cewa babu wanda zai sha kwantai.

Wannan sana'a ta kusa ɓacewa. A shekarun 1960 manyan kamfanoni shida sun haɗiye ƙananan masana'antu, sun mallaki mafi yawan mashayun ƙasar, kuma sun karkata ga giyar da aka tace aka dura wa iska, irin su Watneys Red Barrel, saboda ba ta buƙatar gwaninta wajen ajiya. A 1971 wasu matasa huɗu suka kafa ƙungiyar CAMRA domin kare giyar ganga, kuma littafinta na shekara-shekara, Good Beer Guide, wanda ya fara fitowa a matsayin littafi a 1974, yana jera mashayun da 'yan ƙungiyar na kowane yanki suka gamsu da yadda suke ajiye giyarsu. Dokar 1989 da ta rage yawan mashayun da babban kamfani zai iya ɗaurewa da giyarsa kaɗai, da rangwamen haraji da aka yi wa ƙananan masana'antu a 2002, sun buɗe ƙofa ga ɗaruruwan sababbin masu dafawa.

Dalilin da ya sa wannan giya ta dace da mai zuwa wasan waje shi ne cewa ita 'yar gida ce, kamar yadda ƙungiyar da ya zo kallo take 'yar garinta. Wanda ya je Burton upon Trent, garin da ruwansa mai gishirin ƙasa ya sa ya zama cibiyar giya tun ƙarni na 19, har ake yi wa ƙungiyarsa Burton Albion laƙabi da masu dafa giya, zai tarar da abin da ba shi zai tarar a yankin Wolverhampton da West Bromwich ba, inda baƙar giya mai sauƙin ɗaci da ƙarancin barasa ta daɗe tana da kasuwa tsakanin ma'aikatan ƙarfe. A yammacin Yorkshire akwai Timothy Taylor na garin Keighley, a kusa da Brighton akwai Harvey's na garin Lewes. Hatta zubin ya bambanta: a arewa ana ɗaura wani ɗan murfi mai ƙananan huji a bakin famfo don kumfa ta yi kauri, a kudu kuwa an fi son kofi ya cika da 'yar kumfa kaɗan, kuma wannan musu ne da ba ya ƙarewa tsakanin baƙo da mai gida. Sheffield ta yi fice a wurin matafiyan, domin tun a cikin tashar jirgin ƙasarta akwai Sheffield Tap, sannan Kelham Island Tavern ta lashe kambun mashayar shekara na CAMRA a 2008 da 2009 a jere. Da zarar an fitar da jadawalin wasanni a watan Yuni, akwai masu duba ranar zuwa irin waɗannan garuruwa kafin su duba ranar haɗuwa da manyan ƙungiyoyi, musamman magoya bayan ƙananan ƙungiyoyin da suka san cewa nasara a waje ba kullum ake samunta ba.

Kuskure ne a haɗa waɗannan mutane da gungun matasan da ke watsa giya sama a mashayar da aka keɓe wa baƙi. Ƙarfin giyar ganga ta yau da kullum bai cika wuce kashi huɗu cikin ɗari ba, masu shanta galibi manya ne, kuma a irin mashayarsu ake ganin mai rigar ja da mai rigar shuɗi a teburi ɗaya suna kukan alƙalin wasa tare. Amma kuma kuskure ne a wanke giya baki ɗaya, domin binciken da Jami'ar Lancaster ta wallafa a 2013 ya nuna cewa rahotannin cin zarafi a cikin gida a yankin Lancashire sun ƙaru da kashi 38 cikin 100 a ranakun da Ingila ta sha kashi a gasar cin kofin duniya, kuma masu aikin ceton mata sun daɗe suna danganta irin wannan da sha. A ɗaya ɓangaren, zargin buguwa ya taɓa zama mafakar hukuma: bayan bala'in filin wasa na Hillsborough a 1989, wanda ya ci rayuka 97, an ɗora laifin a kan magoya bayan Liverpool da aka ce sun zo a buge, sai a 2016 kotun bincike ta tabbatar da cewa ba su da hannu a abin da ya faru. Kwamitin da 'yar majalisa Tracey Crouch ta jagoranta ya ba da shawara a 2021 cewa a gwada sassauta dokar 1985 a ƙananan matakai, bisa hujjar cewa ita kanta take sa mutane sha da gaggawa kafin shiga fili.

Al'adar tana fuskantar matsi daga wurare da yawa. Yawan mashayun Birtaniya ya sauko daga kusan 60,000 a shekarar 2000 zuwa ƙasa da 50,000, sababbin filaye da dama an gina su a bayan gari inda babu unguwa balle mashaya, kamfanonin talabijin kuma suna mayar da wasa daren Litinin, lokacin da jirgin ƙarshe na komawa gida yakan tashi kafin a tashi wasa. Su kansu masu kallon sun sauya, domin a garuruwa irin su Bradford, Birmingham da Blackburn akwai dubban Musulmi masu bin ƙungiyoyinsu waɗanda mashaya ba wurin zamansu ba ce. Filaye da dama sun buɗe ɗakunan salla, kuma a watan Mayu na 2022 Blackburn Rovers ta buɗe filinta na Ewood Park aka yi sallar Idi a kan ciyawarsa. Hatta Brentford ta bar Griffin Park mai mashaya a kusurwoyi huɗu a 2020 ta koma sabon fili kusa da gadar Kew, ƙasa da mil ɗaya daga tsohon, a gefen wata tashar jirgin ƙasa da baƙi ke sauka kai tsaye.