Ina Kaset-Kaset Ɗinmu Na Bidiyo Suka Shiga?

Duk wanda ya san garuruwan Ƙaraye da Rogo a farkon shekarun 2000 ba zai manta da shagunan hayar kaset ba. Daga Kano ake saro su, musamman a Ƙofar Wambai da Bata, yaro ya karɓo ɗaya da yamma, bayan sallar Isha'i a tayar da janareto, matan gida da na maƙwabta su cika tsakar gida. Maigida kan yi kamar bai damu ba, amma sau da yawa kunnensa na can.

Idan mai karatu bai manta ba, ƙungiyar Tumbin Giwa ce ta buɗe wannan ƙofa da Turmin Danya a 1990. Kafin shekara goma harkar ta bunƙasa, har Sangaya ya fito a 1999 ya cika kasuwa da rawa da waƙa. A kan wannan rawar ne mu 'yan boko da malamai muka tattara fushinmu, muka ce kwaikwayon Indiya ne. Akwai gaskiya a ciki. Sai dai garin kallon ruwa kwaɗo ya yi mana ƙafa, domin a gefe guda an yi ta fitar da finafinan da ba su da wani jigo sai zaman iyali, mu kuwa ba mu waiwaye su ba.

Ɗauki Alhaki Kwikwiyo, wanda aka ciro daga littafin Hajiya Balaraba Ramat Yakubu. Labarin Rabi ne, matar da miji ya kora da 'ya'yanta bayan ya auro matar bariki, ta koma sayar da abinci don ta riƙe su. Matar aure a Rogo ba ta bukatar wani ya fassara mata wannan; ta san mai irin halin, wataƙila katanga ce kawai tsakaninsu. Kishi, sakin wulaƙanci, uwar miji, rabon gado, duk abin da ake jin nauyin faɗa a gaban manya, kaset ya faɗe shi a tsakar gida, kowa na zaune.

Haka nan finafinan barkwanci da aka laƙaba wa suna camama, wai don a nuna ƙasƙancinsu. Marigayi Rabilu Musa Ibro, ɗan garin Ɗanlasan a ƙaramar hukumar Warawa, shi ne sarkinsu, kuma a ganina babu wanda ya kai shi nuna talakan karkara yadda yake: bashin mai shago, rigimar kuɗin cefane, baƙauye a hannun 'yan birni. Finafinan soyayya sun fi son falon masu kuɗi, shi kuwa a zaure da bakin kasuwa yake wasansa. A 2008, lokacin da Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta tsananta, har gidan yari aka kai shi a kan Ibro Aloko. Ya rasu a Disambar 2014.

Yau kasuwar ta mutu. Faifan CD ya kori kaset, masu satar fasaha suka karya faifan, sannan tashar Arewa24 da YouTube suka kwashe 'yan kallo. Labarina da Izzar So sun samu karɓuwa, amma galibi a waya ake kallonsu, kowa a ɗakinsa.

Abin da ya fi damuna shi ne makomar tsofaffin. Zaren kaset ba ya jure zafi da ƙura, na'urar kunna shi ma ta zama abin nema. Wasu an ɗora su a intanet, dishi-dishi, an yanke farko ko ƙarshe. Cikinsu kuwa akwai suturarmu, ginin gidajenmu da Hausar da ake yi shekara talatin da suka wuce. Ya kamata Jami'ar Bayero da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano su bi furodusoshi da tsofaffin masu shagunan haya, har na ƙauyukan Ƙaraye da Rogo, su sayi abin da ya rage a kwalaye, su juye shi a kwamfuta tun masu shi suna raye.